Katin Lafiyarsa Ƙalau, Wuri Suke Faɗa a Kai

Kwanakin nan da wuya ka zauna a shagon mai gyaran kwamfuta ba ka ji wani yana rantsuwa an sayar masa da jabu ba. Ya sayo katin hoto ko na sauti, ya soka a madabod, ya kunna, sai inji ya daskare, ko wani abin da ke aiki jiya ya yi gum. Nan take a yanke hukunci: ɗan kasuwa macuci ne. Alhali sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, wuri ne suke rikici a kai da wani.

Na'urori da yawa a cikin kwamfuta suna da layin da suke kiran furosesa da shi, wato IRQ. A tsarin IBM na 1984 layukan 16 ne kacal, kuma an riga an rabe mafi yawansu: 0 na agogo, 1 na allon rubutu, 14 na faifan ajiya. Katin Sound Blaster yakan nemi layi na 5, ko na 7 wanda firinta ke kai. To ka ɗauki gida mai yara biyu, kowanne Sani. Maigida ya ƙwala kira daga zaure, duka su taso, ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ake nufi. Ko gidaje biyu masu lamba ɗaya, ɗan aike ya rasa inda zai kai saƙo. A wancan zamanin sai ka zaro kati, ka matsar da ɗan ƙaramin filogi da hannunka, ka canza masa layi.

Ramukan kati na PCI da Windows 95 sun rage wannan wahala, shi ya sa wasu ke cewa matsalar ta zama tarihi. Ba ta zama ba, riga ta canza. A madabod da yawa na yau, da zarar ka saka faifan M.2, wasu kafofin SATA sai su mutu, domin hanya ɗaya suke bi. Kishiyoyi ne da murhu ɗaya: ranar girkin wannan, waccan ta haƙura. Tsohon faifanka bai ƙone ba. Kuma an rubuta wannan ɓaro-ɓaro a littafin madabod, wanda mu kan jefar tare da kwali tun a bakin shago.

Kafin ka koma kasuwa da faɗa, buɗe Device Manager ka nemi alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa. In ka ga lamba 12, Windows na gaya maka katin bai samu gurbi ba ne. Kashe inji, zare wuta, cire sabon katin ka ga ko komai ya dawo daidai. Sannan gwada shi a wani ramin. Mai katunan hoto fiye da ɗaya ya leƙa BIOS ya kunna Above 4G Decoding. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, kana rubutawa a takarda, don in ka taɓa uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi maganin ba.