Rigar Fukafukai da Dabarar Sassauta Faɗuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa daura da rumfar mahauta a kasuwar Birnin Ƙonni da hantsi, ya ɗaga kai ya lura da shirwa, yadda takan shimfiɗa fukafukanta ta daɗe a sararin samaniya ba ta kaɗa su ba, sai dai ta riƙa murza jelarta dama da hagu, to, ya riga ya ga asalin wani ilmi wanda mutane a Turai da Amurka suke sayar da rayukansu wajen nemansa a wannan zamani. Jirgin sama ke ɗaukar mutanen nan zuwa tsawon mita wajen 4,000, sa'an nan su diro sanye da wata riga da aka ɗinka wa ƙyalle tsakanin kowane hannu da haƙarƙari, da kuma tsakanin ƙafafu. Ƙyallen ninki biyu ne, da ƴan kafofi ta gaba inda iska ke shiga ta kumbura shi har ya yi tauri. Wanda ya diro ba rigar, yana rub da ciki, yakan faɗo da gudun kusan kilomita 200 a sa'a. Mai rigar kuwa, in ya ƙware, yakan rage wannan zuwa ƙasa da rabi, kuma duk mita ɗaya da ya sauko ya ci kusan mita 3 a gaba.

Amma fa rigar ba ta aiki da kanta, al'amarin duka yana ga yadda mutum ya riƙe jikinsa. Malaman wannan sana'a suna koyar da cewa a ware hannuwa har ƙyallen ya miƙe, a tankwaso kafaɗu gaba, a miƙe gwiwoyi, a tsine yatsun ƙafa baya, a janye ciki kada ƙugu ya lotsa ƙasa, a kuma sunkuyar da haɓa wajen ƙirji, domin jiki ya zama shimfiɗa guda tun daga wuya har dunduniya. Kafaɗu ne ke fara gajiya, kuma da zarar sun saki, faɗuwa ta ƙaru.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne jigon maganar, shi ne cewa abin da ɗabi'a ke umurtar mutum da shi a wannan hali shi ne ainihin kuskuren. Sabon shiga, idan ya hango ƙasa tana matsowa, tsoro kan sa ya ɗaga kai da ƙirji, ya sauke gwiwa, yana zaton ta haka zai tokare iska. Alhali kuwa abin da ke tallafe da shi ita ce iskar da ke gudana bisa bayansa da ƙarƙashinsa saboda saurin tafiyarsa gaba, to, da ya taka wa wannan sauri burki sai iskar ta rabu da fiffiken, rigar ta shiga rawa, shi kuwa ya nutse. Maganin abin shi ne ya ƙara sunkuyawa kaɗan, ya yarda ya yi hasarar ƴan mitoci, har gudu ya dawo. Gwani yakan tara gudun nan da gangan, sa'an nan ya ɗago ƙirji sannu a hankali, har saukarsa ta tsaya cik, ko ma ya ɗan hau sama, amma na ƴan daƙiƙoƙi ne kawai.

Musulmi suna da tarihi a wannan fage. Malam al-Maƙƙari, a littafinsa Nafhuɗ Ɗib, ya ruwaito cewa Abbas ɗan Firnas, masanin Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu a shekarar 887, ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai, ya tashi ya yi nisa, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka domin bai yi wa kansa jela ba. Allah Ya jiƙan wannan malami. Ƙyallen da ke tsakanin ƙafafun masu rigar yau ita ce jelar da ya rasa, kuma da ita ake daidaita jiki.

Wani Bafaranshe, Patrick de Gayardon, shi ya kyautata rigar ta zamani, ya kuma rasu a Hawai a 1998 sa'ad da laimar saukarsa ta ƙi buɗewa daidai. A 1999 aka fara ɗinka rigar don sayarwa. Har yau da laima ake sauka, kamar yadda muka sani ga sojoji, domin kome gwanintar mutum gudunsa ya fi ƙarfin ƙafa, ko da yake wani Baturen Ingila, Gary Connery, ya sauka bisa tulin kwalaye a 2012 bai buɗe tasa ba. Saboda haɗarin nan ne ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka ta gindaya sharaɗin mutum ya yi dira 200 ba rigar kafin a fara koya masa sa ta.