Karkiyar Itace da Karkiyar Ƙarfe

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirinmu zai kai mu Urushalima, a shekara ta huɗu ta mulkin Sarki Zadakiya. Labarin yana cikin Littafin Irmiya, sura ta 28, inda masu wa'azi a majami'u kan koma idan aka taɓo zancen annabawan ƙarya.

A wancan zamani ƙasar Yahuza na ƙarƙashin Babila. Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya riga ya kwashe kayan Haikali, ya tafi da Sarki Yekoniya da manyan gari. Annabi Irmiya kuwa yana yawo da karkiyar itace a wuya, irin ta shanun noma, don ya nuna bautar nan ba yanzu za ta ƙare ba. Wa ke son jin wannan?

Sai ga wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tsaya cikin Haikali gaban firistoci da jama'a, da sunan Ubangiji a bakinsa, ya ce nan da shekara 2 kayan da mutanen duk za su dawo. Zance mai daɗi, irin wanda kunnen mai wahala ke jira.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amsar Irmiya. Bai zage shi ba. Amin ma ya ce, domin shi ma zai so hakan ta faru. Sai dai ya ajiye ma'auni guda: mai alkawarin zaman lafiya, cikar maganarsa ce kaɗai shaidarsa. Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyan Irmiya, ya karya a idon kowa. Irmiya ya kama hanyarsa. Duk wanda ke wurin ranar nan zai rantse Hananiya ne ya yi nasara.

Daga baya Irmiya ya dawo da saƙo: ta itace aka karya, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, kuma Hananiya ba zai kai ƙarshen shekara ba. A wata na 5 aka yi wannan karo, a wata na 7 Hananiya ya mutu. Shekara 2 ɗin suka wuce ba wanda ya dawo. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka ƙone Haikalin kansa.

Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar da Irmiya ya aika wa 'yan bauta a Babila, inda ya ce su gina gidaje, su shuka lambuna. A huta lafiya.

(Kiɗan rufewa)