Idan mota ta lalace a hannun bakanike, wa ke da alhakin biya?

A birane kamar Kano da Kaduna da Abuja, da wuya a sami mai mota da bai taɓa jin labarin wanda ya kai motarsa gareji don ƙaramin gyara, ta dawo masa da babbar matsala ba.

Wani juyen baƙin mai kawai ya kai, amma aka manta ba a ɗaure noti da kyau ba, man ya tsiyaye a hanya, injin ya buga. Wani kuma yaron gareji ne ya fita da motar da sunan gwaji, ya yi karo da ita.

Sau da yawa maganar kan ƙare ne da ban haƙuri, a ce tsautsayi ne, mai mota ya koma ya sake biyan kuɗin gyara. To sai dai fiƙihun Malikiyya da dokokin Nijeriya duk sun ɗora wa mai gyara nauyi fiye da yadda mutane da dama suke zato.

Ɓarnar da aka fi kuka da ita

Akasarin motocin da ke kan titunan Nijeriya na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, kuma kwamfuta ce ke sarrafa injinsu. Tun daga shekarar 1996 doka ta tilasta wa masu sayar da motoci a Amurka su sanya musu mahaɗar da ake jona na'urar binciken matsala.

Bakaniken da ba shi da wannan na'ura yakan koma ga lalube: ya canja wannan, idan ba a dace ba ya canja wancan, mai mota kuwa yana ta biya.

Akwai kuma cire 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwan lagireto, bisa tunanin cewa ba ta da amfani a ƙasa mai zafi. Hakan na hana injin kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya ƙara shan mai, ya kuma yi saurin tsufa. Haka ma zuba wa giya mai sarrafa kanta man da ba nata ba, wanda kan iya kashe ta baki ɗaya.

Wanda ya fi muni shi ne musanya kaya masu kyau da tsofaffi, ko cire matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Ana sayar da ita ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Abin da fiƙihu ya tanada

A ƙa'idar shari'a, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Amma malaman Malikiyya sun ware masu sana'a daga wannan ƙa'ida.

A cikin Risala, littafin da ake karantarwa a zauruka a duk faɗin ƙasar Hausa, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya bayyana cewa mai sana'a shi ke da lamunin abin da aka bar masa ya yi aiki a kai, ko da lada ya yi aikin ko kyauta.

Hikimar a fili take. Jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a, kuma ba sa ganin abin da ke faruwa bayan sun juya baya. Da za a karɓi maganar kowane mai sana'a cewa kaya sun lalace da kansu, da dukiyar mutane ta salwanta.

Littafin Mukhtasar na Shaihu Khalil ya kawo sharuɗɗan. Dole ya kasance mai sana'ar ya buɗe wa kowa da kowa ƙofa, kuma ya yi aikin a bayan idon mai kaya. Idan haka ta tabbata, zai biya darajar abin kamar yadda take a ranar da aka miƙa masa, ko da kuwa ya gindaya sharaɗin cewa babu ruwansa. Ba ya kuɓuta sai idan shaidu sun tabbatar cewa abin ya halaka ba tare da sakacinsa ba.

Idan aka ɗora wannan a kan gareji, mai garejin ne abin tuhuma, ba yaron da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa ba. Sai dai lamunin ya shafi abin da aka kawo gyara ne. Kuɗi ko waya da aka bari a cikin mota hukuncinsu daban ne, don haka kwashe su ya fi.

Abin da dokar ƙasa ta ce

A farkon shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye, CPC.

Dokar ta ba duk wanda ya biya a yi masa aiki haƙƙin a kammala shi a kan lokaci, da ingancin da mai hankali zai sa rai, a yi amfani da kaya marasa aibu, sannan a mayar masa da dukiyarsa a yanayin da bai gaza wanda ya kawo ta ba. Idan aka saɓa, yana iya neman a gyara kuskuren ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa.

Haka kuma a ƙa'idojin da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila, idan kaya suka lalace a hannun wanda aka damƙa wa, shi ne zai nuna cewa ba sakacinsa ba ne. A ɗaya ɓangaren, bakanike na da ikon riƙe mota har sai an biya shi ladan aikin da aka amince ya yi.

Hujja kafin miƙa makulli

Inda masu motoci ke faɗuwa shi ne wurin hujja. Yawancin ciniki da baki ake yin sa, kuma a tsohuwar mota bakanike na iya cewa matsalar da ma tana nan, wani lokacin ma gaskiya ya faɗa.

Saboda haka kafin a bar mota a gareji, yana da kyau a ɗauki hotonta ciki da waje, da na allon da ke nuna nisan tafiya da yawan mai, a gaban mai garejin. A rubuta aikin da za a yi da kuɗinsa, ko da a saƙon waya ne, tare da sharaɗin kada a taɓa wani abu sai an nemi izini.

A karɓi rasiɗin duk abin da aka saya, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, a kuma nemi a dawo da tsoffin kayan da aka cire. Ranar karɓa, a gwada motar tare da bakaniken kafin a cika masa kuɗi.

Idan ɓarnar ta riga ta auku

Mataki na farko shi ne a daina tuƙa motar, musamman idan fitilar mai ko ta zafi ta kama, domin ci gaba da tafiya na ƙara ɓarnar, ya kuma raunana hujja. A sanar da mai garejin nan take a rubuce, a sa wani ƙwararre da ba shi da alaƙa da shi ya duba kafin a kwance komai.

Idan an kasa daidaitawa, ana iya kai ƙorafi ga shugabannin garejin ko reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA, sannan hukumar FCCPC ko takwararta ta jiha, kamar wadda ake da ita a Kano.

Daga nan sai kotu. Akwai kotunan shari'ar Musulunci a jihohin arewa da dama, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi da Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, inda ba dole ne a ɗauki lauya ba.

Su kuwa 'yan sanda, dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Amma sace kayan mota ko musanya su cin amana ne, kuma laifi ne da ke cikin huruminsu.

Yafiya dai tana hannun mai mota idan ya ga kuskure ne tsantsa. Amma ya kamata ya yafe yana sane da cewa haƙƙinsa ne ya bari.