Abin Da Ya Raba Ƙwayar Hatsi Da Karansa

A ƙasar Kurfey, daga Filinge zuwa ƙauyukan da ke bin kwarin Dallol Bosso, idan an gama girbi ƙwayar hatsi ta mutane ce, kara na dabbobi. Amma a wajen masana sinadarai, da abu ɗaya aka gina su, wato sukarin da ake kira gulukos.

Ka ɗauki carbi. Ƙwaya ɗaya ita ce monoma, ƙwayoyi masu yawa da aka jera su ne folima. Ganyen hatsi na samar da gulukos da taimakon hasken rana, shukar ta yi ta ɗaura wannan da wancan har dubbai, su zama sitacin da ke cikin ƙwayar hatsi, kuma a kowane ɗauri sai ɗigon ruwa ya fita. Gulukos giram 180 kan ba da sitaci kamar giram 162, sauran 18 ruwa ne. Da wannan haɗi mai fitar da ruwa jiki ke gina furotin na nama da madara daga amino asid iri 20. Lokacin da Bajamushe Hermann Staudinger ya ce akwai irin waɗannan dogayen jeri a 1920, abokan aikinsa da yawa sun ƙi yarda. A 1953 aka ba shi kyautar Nobel.

Narkar da abinci kuwa kwance ɗaurin ne, a mayar da ruwan da ya fita a tsinke jerin. Daɗe kana tauna tuwo ka ji zaƙi-zaƙi: sinadarin amiles na yawu ne ya soma aiki. Shi kara selulos ne, gulukos ɗin nan dai, sai dai an ɗaura shi ta wata fuska da cikin ɗan Adam ba shi da abin kwance ta. Shanun Azawak na tashar kiwo ta Tukunus ma ba da kansu suke kwancewa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu ne ke yi musu, har kara ya koma nono.

Inda wannan sani ya fi amfani, a ganina, kunun yaye ne. Kunu mai kauri na yi wa yaro wuyar haɗiya, sai a tsinka shi da ruwa, ciki ya cika, ƙarfi babu. Hatsin da ya yi tsiro cike yake da amiles. A shanya shi, a murje saiwar, a niƙa. Idan an sauke kunu ya ɗan huce, a barbaɗa garin tsiron kaɗan a dama. Cikin mintoci zai saki ba tare da an ƙara ruwa ba. Iyaye mata, a sake tafasa shi kafin a ba yaro.