Gaskiya ko Jita-jita: Wace mota ce za ta kai kayan nutso bakin Gulbin Rima?

A ranar 17 ga Agusta, 2025, kwalekwale ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Ba a yi mako guda ba wani ya sake kifewa a Garin Faji, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Tun daga nan, duk inda aka zauna a Isa ko Sabon Birni aka tayar da zancen gulbi, sai ka ji wani ya ce da akwai masu nutso da tukunyar iska, da mota mai ƙarfi da za ta kawo su, da ba a yi asarar rayuka haka ba. Maganar tana da kyakkyawar niyya, amma an cuɗanya gaskiya da jita-jita a cikinta, musamman game da motar.

Abin da aka fi faɗa shi ne, in ba Hilux ba, babu motar da za ta iya wannan kaya. Ta fuskar nauyi, wannan ba haka ba ne. Tukunyar iska ta alminiyam da aka fi amfani da ita, mai cin lita 11, nauyinta kusan kilo 14 ne, in an cika ta ta ƙaru da kamar kilo uku. Haɗa da dalmar da mai nutso ke ɗaurawa a ƙugu, da riga, da bututun shaƙa, da takalmin iyo, kayan mutum ɗaya bai cika wuce kilo 30 ba, wato ko rabin buhun gero bai kai ba. Golf ɗin da ke jigila zuwa kasuwar Shinkafi tana ɗaukar ninkin wannan kullum. Inda a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ta fi ƙaramar mota shi ne tsayinta daga ƙasa. Kwalta tana ƙarewa tun kafin a kai gaɓa, saura yashi da laka na fadama, kuma da damina Bunsuru da Gagare suna cika su shafe hanyoyin ƙauyuka. Akwai wuraren da ita ma Hilux ɗin za ta tsaya, a sauke kaya a ɗora wa amalanke ko babur. Saboda haka mai zaɓen mota ya fara tambayar mutanen garin yadda kilomita biyar na ƙarshe suke. A wannan yanki kuwa dole ya tambayi lafiyar hanya, domin mota mai kama da ta jami'an tsaro tana jan idon da ba a so.

Sai batun fashewa. Direbobi da yawa ba sa yarda a sa musu tukunyar, wai zafin rana zai tarwatsa ta cikin mota. Tsoron yana da tushe, sai dai an ɗora shi a inda ba nan haɗarin yake ba. Ana cika tukunyar zuwa matsin bar 200, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. In an cika ta a zafin digiri 30, sannan cikin motar da aka rufe ya kai digiri 70, matsin zai hau zuwa wajen 226. Ita kuwa lafiyayyar tukunya ana gwada ta da matsin 300 ko fiye kafin a yarda da ita. Zafi kaɗai ba ya fasa tukunyar da ake dubawa a kan kari. Abin tsoro shi ne kan tukunyar. In aka bar ta tana gangara a bayan mota a kan hanya mai ramuka, kan ya bugi ƙarfe ya karye, iskar za ta harba ta da ƙarfin da zai iya huda jikin mota. Don haka a kwantar da ita, a tokare ta da katako ko tsohuwar taya, a ɗaure da igiya, a rufe da tabarma. Wanda rana ke ci a hankali shi ne roba: bututu, riga da zoben da ke toshe iska. Buɗaɗɗen bayan a-kori-kura a watan Afrilu, ga jarkar fetur tana yoyo a gefe, ya fi but ɗin ƙaramar mota illa ga waɗannan.

Mutane kuma suna kiran ta tukunyar oksijin. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan duk sauran naitirojin. Zallar oksijin, irin ta asibiti ko ta mai walda, tana iya jefa mutum cikin farfaɗiya in ya wuce zurfin mita shida, kuma in ta haɗu da mai ko giris tana tayar da wuta. Kada wanda ya ɗauko ta mai walda da sunan taimako. Haka injin mai faci ba zai cika tukunyar nutso ba: ƙarfinsa bai wuce bar goma ko kusa da haka ba, iskarsa kuma gauraye take da mai. Injin cikawa na musamman ne, kuma in an zo da shi a mota, dole bakin da yake zuƙar iska ya yi nesa da salansa, don hayaƙin da ya shiga tukunya yana kisa a ƙarƙashin ruwa ba tare da mutum ya ji wari ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton cewa motar za ta ceci wanda ya nutse. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Daga Sakkwato zuwa Sabon Birni tafiyar fiye da kilomita ɗari ce, awanni ko da hanya lafiya lau. Duk motar da ta taso daga can, gawa za ta zo nema, kuma wannan ma aiki ne mai daraja ga iyalan da ke son yi wa nasu sutura. A ruwan damina mai launin kunu, mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa, lalube yake yi yana riƙe da igiya, ruwa na jan sa. Waɗanda ke fitar da mutane da rai su ne masunta da Sarkawan da ke bakin gaɓa da gorarsu lokacin da abin ya faru, waɗanda suka san kowane gurbi da inda ruwa ke juyawa.

Da ni za a tambaya abin da za a fara lodawa a motar da za ta nufi mashigin Garin Faji kafin damina mai zuwa, zan ce rigunan hana nutsewa daidai da yawan mutanen da kwalekwalen ke ɗauka, da doguwar igiya, a damƙa su hannun Sarkin Ruwa. Riga hamsin ba su kai nauyin buhun gero ɗaya ba, kuma Keke Napep ma za ta kai su.