Yadda Fayil ɗin Asibiti Yake Tona Illar Magani

A hutun da ya wuce na yi kwana huɗu ina kai wa kakata abinci a asibiti. Na lura duk lokacin da nas ta ba ta magani, sai ta buɗe fayil ta rubuta. Na tambayi gwaggona, wadda ita ma nas ce, amfanin wannan rubutun. Abin da ta koya mini shi ne zan gaya muku.

Magani yana warkarwa, amma wani lokaci shi yake ƙara wa mutum ciwo. Ko ya yi yawa, ko jiki ya ƙi karɓarsa, ko magunguna biyu su yi karo. Sau da yawa ba a ganewa, sai a ɗauka cutar ce ta tsananta.

Shi ya sa likitoci da masu harhaɗa magunguna suke komawa kan fayil ɗin waɗanda aka riga aka sallama. Ba sa karanta kowane shafi, alamu suke bi kamar mafarauci da sawun dabba. A shekarar 2003 wata cibiya a Amurka mai suna IHI ta fitar da jerin irin waɗannan alamun, kuma tsarinta shi ne kada a wuce minti 20 a kan fayil ɗaya.

Ga wasu daga ciki:

1. An ba mai shan warfarin, maganin tsinka jini, bitamin K. Wataƙila jinin ya tsinke fiye da kima.
2. An yi allurar naloxone. Wataƙila maganin kashe zafi mai ƙarfi irin mofin ya yi yawa har numfashi ya ragu.
3. Sukarin mai ciwon suga ya faɗi ƙasa sosai. Wataƙila insulin ne ya yi yawa.
4. An dakatar da magani kwatsam, ko an ba da maganin ƙaiƙayi bayan ƙuraje sun feso.

Alama kaɗai ba ta isa hujja ba. Sai likita ya sake dubawa ya tabbatar maganin ne ya jawo. Daga nan asibiti zai ƙirga, ya ga wane magani ne ya fi cutar da mutane, ya gyara aikinsa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage irin wannan mummunar illa da rabi cikin shekara 5. A Najeriya kuwa hukumar NAFDAC ce take karɓar rahoton illar magani.

Mu ma muna da namu aikin. Kada mu yar da katin asibiti. Idan likita ya tambaya, mu faɗi duk abin da aka sha a gida, har na kemis da na gargajiya. Abin da ba a faɗa ba ba zai shiga fayil ba, kuma mai bincike ba zai gan shi ba.