Ko Kun Sani?

Murfin ƙarfen da ke saman tayar keke yana taimakon sarƙa da kaca, ba wandon mahayi kaɗai ba. Da damina, tayar gaba tana kwaso ruwa da yashi ta watsa wa sarƙa, yashin ya gauraya da mai ya riƙa cinye haƙoran kaca. Tsohon keken Raleigh, wanda aka ƙera a Nottingham ta Ingila, ƙasa mai yawan ruwan sama, yana zuwa da dogon murfi gaba da baya. Kekunan tsere kuwa galibi ba su da sararin ɗaura shi. In za ku sayi keke, ku duba tazarar da ke tsakanin taya da ƙarfen jikinsa tukuna.